Kawu Ya Amsa: Faifan Giraim a Bango, na Kunne Ne ko na Ido?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa wannan fili albarka. Ƙanina ne ya sa na rubuto. Gyaran waya yake yi a Adum, nan Kumasi, kuma alhamdulillahi yana samun na kansa. Watannin baya ɗan baffanmu da ke Landan zai zo gida, sai yaron nan ya tura masa kuɗi ya ce ya sayo masa faya-fayan wasu mawaƙan can, masu kiɗan da suke kira giraim. Biyu manya ne irin na garmaho: ɗaya rawaya, da hoton wani yaro a rakuɓe a lungu, ɗaya kuma an yi bangonsa kamar kan sarki na wasiƙa. Na ukun ƙaramin faifan CD ne, da wasu mutane sun rufe fuska sun jeru a dogon tebur. Kawu, kuɗin da ya kashe sun sayi buhun shinkafa. Ba shi da na'urar da ake sa manyan, ko ledarsu bai ɓare ba. Ya kafa musu katako a bango, duk wanda ya shiga ɗakin sai ya ce masa wannan ya ci kyauta a shekara kaza, wancan ma haka. Amma da safe in yana wanki, Hamisu Breaker nake ji yana tashi. Na ce ya sa min giraim ɗin a waya in ji, wallahi ban tsinci kalma ko ɗaya ba, hayaniya ce kawai. Don Allah da gaske akwai masu jin daɗin abin nan, ko dai don Turawa sun ba shi kyauta ne ake saye a ajiye don a gani?

Yayarsa, daga Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki na gane faya-fayan, don kin siffanta su sarai. Rawayan nan shi ne Boy in da Corner na Dizzee Rascal. A 2003 ya fito, kuma a shekarar ya ci kyautar Mercury, wadda kwamitin alƙalai ke bai wa albam ɗaya tak cikin goma sha biyu da suka tace daga Birtaniya da Ayalan. Lokacin yaron bai cika shekara 20 ba. Mai kan sarkin Konnichiwa ne na Skepta, shi ma ya ci Mercury a 2016, shekarar da albam ɗin shahararren mawaƙin nan David Bowie na ƙarshe yake cikin takara, mutumin bai daɗe da rasuwa ba, da yawa sun ɗauka shi za a ba. Na ukun Gang Signs & Prayer ne na Stormzy, na 2017, albam ɗin giraim na farko da ya hau lamba ɗaya a jerin cinikin Birtaniya, aka kuma ba shi kyautar Brit ta albam ɗin shekara a 2018. Wato ƙaninki bai yi zaɓen tumun dare ba. Sai dai ukun nan su ne ukun da kowa zai lissafa, ko da bai taɓa jin giraim ba, in dai ya buɗe intanet ya tambayi wanne ya fi. Wannan kaɗai ya isa ya sa ki zargi, kuma ban ga laifinki ba.

Ƙwarai akwai masu jin daɗinsa har tsigar jikinsu na tashi, akwai masu saye don ganin ido, kuma sau tari mutum ɗaya ne yake ɗauke da halin biyu. Na sayar da kaset a tsohuwar Kejetia kafin in koma ba da hayar lasifika a gidajen biki, saboda haka na daɗe ina kallon hannun mai saye. Direban turoturo, ƙaramar motar haya, zai zo ya ɗauki kaset biyu, na karatun Alƙur'ani da na waƙoƙin Indiya. Na karatun yana kwance a kan dashbod inda fasinja zai gani. Na Indiyan yana cikin rediyo yana juyi har zarensa ya tsinke ya dawo in ɗaura masa. Ka tambaye shi wanne ya fi so, ya ce na karatu, kuma ba ƙarya ya yi ba, don da asuba kafin ya shiga layi shi yake sawa, shi kaɗai a mota. Wanda ya ga dashbod zai ce riya ce, wanda ya ji rediyon da rana zai ce mutumin ba ruwansa da karatu, kowannensu rabin labari ya samu.

Abin da ya sa tambayarki ta fi ƙarfi a kan giraim shi ne, kiɗan nan ba a cikin albam aka haife shi ba. A gabashin Landan ya tashi, unguwar Bow da kewayenta, a farkon shekarun 2000, a hannun 'ya'yan mutanen Jamaika da Najeriya da Gana da ke zaune a dogayen benayen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Kayan aikinsu kwamfutar makaranta ce ko ta gida, wasu ma da na'urar wasan PlayStation suka fara haɗa kiɗa. Gudunsa wajen bugu 140 ne a minti ɗaya, a gutsuttsure, sama da ƙara mai kaifi, ƙasa da ƙugi mai girgiza ƙirji. Manyan gidajen rediyo ba sa sa shi, to sai yaran suka riƙa hawa saman benaye da dare suna kafa eriya ba lasisi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan gidajen rediyo, Rinse FM, da aka fara a 1994, sai 2010 ta samu lasisi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, DJ Slimzee, a 2005 kotu ta hana shi hawa rufin duk ginin da ya wuce hawa huɗu a yankinsu. Ki ji fa, hukunci a kan hawa rufi! A ɗan ɗakin rediyon nan samari za su cunkushe, makirfo ɗaya, kowa na jiran a miƙo masa ya zuba baitinsa, ya yi wa kansa kirari, ya yi wa na wata unguwa zambo. In baiti ya yi zafi sai ihu ya tashi, DJ ya ja kiɗan baya a sake daga farko. Wannan jan bayan shi ne lambar yabon da mawaƙin giraim ya sani kafin ya san wata Mercury. Abin da ake saye a lokacin faifai ne mai farin tambari, ba hoto ba ado, mawaƙa irin su Wiley suna kai wa shaguna da kansu a but ɗin mota, sai bidiyon karawa irin su Lord of the Mics da ake ɗauka a ɗakin ƙasa na gidan su Jammer. Ba mai rataya farin faifai a bango. DJ ne ke saye ya yi aiki da shi har ya goge.

Albam shi ne ya kai giraim gaban 'yan jarida da alƙalan kyauta. Da zarar an ce ya ci Mercury, sai wani sabon mai saye ya ɓullo: mutumin da bai taɓa taka Bow ba, wanda in ya hango irin yaran da suka yi waƙar a tashar bas zai tsallaka titi, amma yana son a ga faifan a falonsa a san yana tafiya da zamani. A daidai wannan tsakanin, daga 2005 har 2017, 'yan sandan Landan suna da wani fom mai lamba 696 da ake neman masu shirya wasa su cike, da sunan kowane mawaƙi da adireshinsa, a farko har da tambayar wane jinsin mutane ake sa ran za su halarta. Ta hanyar fom ɗin nan aka soke wasannin giraim da dama. Faifan na shiga gidajen manya, masu shi ana rufe musu ƙofar zauren wasa. Kin ga zargin da kike yi wa ƙaninki, mutanen Landan sun daɗe suna yi wa junansu.

Masu jin daɗin kuwa na gani da idona. Wani yaro haifaffen Landan, iyayensa 'yan Asawase, ya zo hutu ya biyo abokansa shagona muna gwada lasifikar da za a kai walima. Ya roƙe ni in bar shi ya jona wayarsa. Ya sa Pow, waƙar Lethal Bizzle ta 2004, wadda wasu gidajen rawa a can suka hana sawa saboda yadda take hargitsa jama'a. Shi ma Bizzle ɗin iyayensa 'yan Gana ne. Kwanon rufin shagon ya ɗauki rawa, mai kokon da ke gefe ta leƙo da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya. Yaron ya runtse ido, yatsu biyu a sama, yana bin baitin kowane mawaƙi, su wajen goma ne a waƙar, bai kuskure gaɓa ɗaya ba. Da aka zo wani wuri ya daka tsalle ya danna waya ya mayar farko. Abokansa na nan gida suna tsaye suna murmushin kara, ɗaya yana satar duba saƙo. Da ya lafa na tambaye shi ko yana da faya-fayan mutanen nan a gida. Ya ce bai taɓa sayen faifai ba tun da aka haife shi.

Sai batun leda. Da a zamanin kaset ne, da na ce kin kama shi dumu-dumu, don a lokacin wanda bai ɓare leda ba bai ji ba. Yanzu saye daban, sauraro daban. Waƙoƙin suna cikin wayarsa, a YouTube ko Audiomack ko Boomplay ko Spotify da ta iso Gana a 2021. A 2016 kamfanin ICM ya yi wa BBC wani bincike a Birtaniya, aka samu kashi 48 cikin 100 na waɗanda suka sayi irin wannan babban faifai a watan da ya gabata ba su sa shi ba tukuna, kashi 7 kuma ba su ma da na'urar. Ƙaninki na da 'yan'uwa da yawa ke nan. Wasu don hoton bangon suke saye, wasu don su riƙe abin a hannu, wasu kuma don mawaƙin ya samu wani abu, tunda abin da ke shiga aljihunsa daga sauraro ɗaya a waya bai taka kara ya karya ba. Wannan na ƙarshen yana da nauyi a giraim, don Skepta a ƙarƙashin Boy Better Know ya fitar da nasa, kamfanin da suka kafa da ƙaninsa JME, Stormzy ma a ƙarƙashin nasa tambarin. Masoyansu da yawa sun ɗauki sayen a matsayin ƙuri'a, a nuna wa manyan kamfanoni cewa yaran unguwa sun iya da kansu. Ki leƙa ɗakin Mma ki dubi kwanonin da aka jera mata a kabad tun na aure. Ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba, ana sauke su a goge duk Sallah, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka ba ta son tuwo.

Ni tambayar da na fi juyawa ita ce, in burga ce, wa ake yi wa? Mai son a gan shi a Aboabo ya san abin da ake gani: sabuwar waya, takalmi, shaddar Sallah, babur mai ƙara. Mutum nawa ne a layinku za su shiga ɗakin su ga faifai rawaya su ce kai, lallai yaron nan ya isa? Ke da kike gidan ma buhun shinkafa kika gani. 'Yan kallonsa ba su da yawa. Akwai ɗan baffanku na Landan, wanda yake so ya nuna wa cewa zaman Kumasi bai sa an bar shi a baya ba. Akwai abokan Instagram. Sai shi kansa, kuma ina jin shi ne babban ɗan kallon. Ki duba su wane ne a bangon. Mahaifiyar Dizzee Rascal 'yar Gana ce. Mahaifiyar Stormzy 'yar Gana ce, kuma a 2021 ya shiga sabon zubin waƙar Sore ta Yaw Tog, yaron Kumasin nan da yake ɗalibi a makarantar Opoku Ware a lokacin. Skepta iyayensa 'yan Najeriya ne, har sarauta aka naɗa shi a jihar Ogun a 2018. Tinchy Stryder, da ya taso a Bow tare da su Dizzee, a Akra aka haife shi. Yaron da ke wuni a Adum kansa a sunkuye a kan wayoyin mutane, hayaƙin dalma na shiga masa hanci, in ya dawo gida ya ɗaga kai ya ga 'ya'yan matan ƙasar nan da suka fara da kwamfutar makaranta suka kai inda suka kai, yana ganin inda shi ma yake fatan kaiwa. Ban iya kiran wannan burga zalla ba.

Abin da ya tsaya min a wasiƙarki shi ne lissafin kyaututtukan da yake yi wa baƙi. Wanda waƙa ta kama ba ya fara maka da shekarar da ta ci kyauta. Cewa yake zauna, saurara, ji nan wurin, ya mayar baya, ya sake mayarwa, har ka gaji da shi. Mai karanto kyauta bakin alƙalai ya ara, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Abin dariyar ma, Skepta da ke bangon nasa ya farfaɗo da sunansa ne a 2014 da wata waƙa da yake cewa ya watsar da tufafin manyan kamfanoni don ba halinsa ba ne. Fam 80 aka kashe wa bidiyon, ya kuma ci kyautar MOBO ta mawaƙa a Birtaniya. Shekara uku bayan haka ga takalmi mai sunansa a kamfanin Nike, matasa na rububin saye. Kowa da inda tasa burgar take.

Hamisu Breaker da safe ba hujja ba ce. Kunne ba ya kishi, kuma ba a yi giraim don wanki ba. Ni ma ba zan sa shi a wurin kamu ba, sai in ina neman iyayen amarya su kore ni da kayana.

In kina son ki gane, kada ki tambaye shi wanne ya fi so, amsar tana intanet. Ki tambaye shi wace waƙa yake tsallakewa a kowane albam. Duk wanda ya zauna da albam yana da waƙar da ba ya so a ciki, kuma zai gaya miki dalili da zafinsa. Wanda ya saya don bango cewa zai yi ai dukansu sun yi. Sannan ki ce ya sa miki waƙar da ke cikin na Stormzy wadda ta buɗe da muryar mahaifiyarsa tana yi masa addu'a. Ki kalli hannunsa, ko zai kai kai tsaye ko zai fara lalube. Duk abin da kika gani, kada ki yi masa dariya a gaban abokansa.

Kuɗi kuwa, in yana sauke nauyin gida yana ba Mma nata, guminsa ne. In ba ya yi, wannan ce maganar da za ku zauna ku yi, ku bar faifai ya huta. Saƙo ɗaya za ki kai masa daga gare ni: babban faifai ba ya shiri da zafi. In rana na dukan bangon nan, ko katakon yana kusa da kwanon rufi, zafin Maris zai lanƙwasa su, ranar da ya samu na'urar allura ba za ta zauna ba. Ya sauke su ya jingina a tsaye a wuri mai sanyi, kada ya kwantar, kada ya ɗora komai a kai.

TAMBAYA

Kawu barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne. A bes ɗinmu in ana shan ataya maganar kiɗa ake yi, kuma akwai mutum biyu da suka ce duk wanda bai san Boy in da Corner ba bai san kiɗa ba. Na gwada saurara, Allah ya sani na gwada, kafin waƙa ta uku kaina ya fara sarawa. To da yake a ƙarshen shekara Spotify na fitar wa kowa lissafin abin da ya fi ji, ana sawa a sitatus, sai na riƙa kunna albam ɗin da dare in rage murya in tura wayar ƙarƙashin filo, don ya fito a nawa. Ya fito kuwa, har an yaba min. Amma abin yana damuna. Kunnena ne ke da matsala?

Ɗalibi, daga Asawase

AMSA

Ɗana, kunnenka lafiya lau, datarka ce ta shiga uku. Filo ya saurari albam, kai ka karɓi yabo. Na yi dariya har da hawaye, amma na gode da gaskiyarka, don ka amsa rabin tambayar 'yar'uwarmu ta Aboabo. Yanzu ba sai an sayi komai ba ake burga da kiɗa, hoton allon waya ya isa. Kuma ba zan yi mamaki ba in ɗaya daga cikin malaman naku biyu shi ma filonsa ya fi shi sanin albam ɗin.

Albam ɗin nan ba a yi shi don irin daɗin da muka saba ba. Yaro ne matashi, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, an kore shi daga makaranta fiye da ɗaya, ya zauna yana faɗin abin da ke cinsa: tsoro, 'yan sanda, abokan da suka koma abokan gaba, yara suna yi wa yara ciki. Da gangan aka yi kiɗan da kaifi, muryarsa kuma tana tsagewa tana karyewa. Turancin ba na aji ba ne, na titin gabashin Landan ne gauraye da na Jamaika, ana zubo shi a guje. Ba'amurke ma sai ya nemi a rubuta masa. A ganina abin da alƙalan suka yaba a 2003 shi ne ba a taɓa jin irinsa ba. Kai kuma kana jinsa bayan fiye da shekara 20, bayan masu kwaikwayo sun sassauta shi sun zuba masa sukari, to mamakin da ya kama mutanen wancan lokaci ba lallai ya kama ka ba.

In kana son ka ba shi haƙƙinsa kafin ka yanke hukunci, fara raba shi da lasifikar waya. Rabin giraim a ƙasa yake, a ƙugin da waya ba ta iya fitarwa. Abin da take bar maka shi ne tsiwar sama, ita ce ke sara maka kai. Nemi lasifika mai ciki, ko ka biyo ta shagona da rana in ba aiki. Kada kuma ka fara da albam. Nemi bidiyon karawar Wiley da Kano ta 2004, ka ga samari biyu a matsattsen wuri suna musayar baiti, numfashinsu na dukan juna, ka ga yadda abin yake a gidansu. Kanon nan mutum ne, Kane Robinson, jinin Jamaika, ba ruwansa da Kano ta Dabo. Wasunku sun san fuskarsa a shirin talabijin na Top Boy. Albam ɗinsa na 2016, Made in the Manor, ya fi sauƙin shiga, akwai ƙaho da fiyano da labarin unguwa da dangi. Na Stormzy ma akwai sanyi a ciki, sai dai ka sani akwai waƙoƙin yabo irin na coci, ashar kuma akwai a dukansu. Kada ka ƙure murya a gaban Baba ka ce ban gaya maka ba.

Bayan wannan in bai shige ka ba, ka bar shi. Ka je bes ka ce na ji, na gane abin da ya sa ake girmama shi, amma ba nawa ba ne. Za ka ga wani ya ajiye kofi ya ce wallahi ni ma. Baɗi kuma ka bar lissafin ya fito da abin da kunnenka ya ji, ko da Nura M. Inuwa ne daga sama har ƙasa.

TAMBAYA

Malam, ni ba na jin waɗannan abubuwa, amma yarana suna ji. Giraim ɗin da ake faɗa shi ne Asakaa da masu piragiya, keken haya mai ƙafa uku, ke cika mana kunne da shi? Kuma ɗana ya ce in ba shi kuɗi zai sayi albam a waya, alhali ina ganin kyauta suke ji.

Wani uba, daga Zangon Tafo

AMSA

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ba ɗaya ba ne. Asakaa reshen wani salon kiɗa ne da ake kira diril. Diril a Shikago ta Amurka ya fara a farkon shekarun 2010, ya ƙetara kudancin Landan, ya koma Brooklyn, sannan yaran Kumasi irin su Jay Bahd da O'Kenneth da Reggie suka ɗauka suka zuba masa Tonanci, ya fashe a 2020. Giraim ya girmi diril da kusan shekara goma, kuma ɗan Landan ne gaba da baya. A kunne, ƙugin diril ja yake yana zamewa, giraim kuwa sara yake yana tsalle. Abin da ke tashi a piragiya daga Aboabo zuwa Kejetia yawanci Asakaa ne, ko waƙar Hausa, ko ta Legas. Giraim a garin nan na 'yan tsiraru ne, shi ya sa ma yake da daɗin burga.

Batun kuɗi, gaskiyarka ana ji kyauta, da talla a tsakani, data kuma na tafiya. Akwai biyan wata-wata da ke cire tallar ya bar mutum ya sauke waƙa ya ji ba data, akwai kuma sayen albam ɗaya ɗungurungum. Ka tambaye shi wanne yake nufi. In na wata-wata ne, ka sani ba sau ɗaya ba ne, duk wata za a cira, ku daidaita tun yanzu wa zai riƙa biya. In albam ɗaya ne, ka ce ya kawo wayar bayan isha'i ku zauna, ya kunna maka waƙa biyu daga ciki, ya fassara maka abin da ake faɗa da Hausa, baiti baiti. In ya iya kai ƙarshe bai sunkuyar da kai ba, ka ba shi.